Ihun da Ashiru Bai Ji Ba

Tun da na dawo daga Kagoro ban samu sukuni a shago ba. Mutum zai shigo da rediyonsa a hammata, kafin ya gaya mini abin da ya same shi sai ya ja benci ya ce in ba shi labari. Wani ya ji an ce sojoji sun tsare ni, wani ya ji an ce na ci abin da bai halatta ba. Tukur tela kuwa, da yake bakinsa ba ya hutu, yawo yake yi da ni wai na tafi da surutu na dawo bebe. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure kowa yana ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗayansa, har da inda ni kaina ban fito da kyau ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Sabi'u mai gyaran rediyo da ɗaura lasifika a Tudun Wadan Zariya. Ina da ƙane, Ashiru, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya daɗe a Kafanchan. Da yana da rumfar kayan babur a kasuwa. Tashin hankalin nan da aka yi a garin ya cinye rumfar ƙurmus, sai ya koma aiki a wani wurin fasa dutse a gindin duwatsun Kagoro. Shi ke kula da babban injin da ke niƙe dutse ya mai da shi tsakuwa.

Wata Talata wani direban tifa ya kawo mini takarda daga shugaban wurin, wani Injiniya Dogara. Magana biyu ce a ciki. Ta farko, wai ƙarar inji ta hana ma'aikatansa jin juna, ga shi dole kowa ya toshe kunne, kuma Ashiru ya ce wansa ya san kan lasifika, saboda haka in zo da kayan aikina. Ta biyun ce ta sa na zauna. Mako uku da suka wuce bel ɗin da ke jan tsakuwa ya kama hannun wani lebura mai suna Luka, har sai da aka yanke hannun a asibiti. Wan Luka, Bulus, yana wurin, kuma ya rantse ya ƙwala wa Ashiru kira sau uku ya kashe inji, Ashiru ya ji ya yi biris. Ran Asabar za a kai maganar gaban dagaci. In ta tabbata a kan Ashiru sai hannun 'yan sanda, in ma mutanen gari sun bari ya kai can.

Na karanta takardar nan ya fi sau biyar, kuma kowane karatu sai na ƙara jin ƙanshin tarko. Wane irin mutum ne zai haɗa kiran aiki da labarin masifa a takarda ɗaya? Me ya hana Ashiru rubutowa da hannunsa? Inna dai ba ta tsaya wannan lissafin ba. Kalma ɗaya ta yi mini: "Ka je ka dawo mini da shi."

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba. Lokacin da rumfar Ashiru ta ƙone ya zo gida ya yi wata guda, kuma wata rana muna zaune a zaure ya ce da ni, "Wallahi Yaya, ko a rijiya na ga ɗan garin nan, igiyata ba za ta sauka ba." A lokacin na ɗauke ta maganar zafin rai. Da na naɗe takardar Injiniya sai maganar ta dawo mini, ta bi ni har cikin mota.

Laraba da sassafe na kama hanya. Daga Zariya zuwa Kaduna ba wani labari. A Kaduna na shiga ƙaramar bas ta Kafanchan, aka matse ni da wata mata mai tabarau da jakar littattafai a cinya. Ba mu kai Mararaban Rido ba ta san sunana, ta kuma fara neman sunan unguwarmu. A mararabar direba ya tsaya ɗaukar buhunan gawayi, na leƙa ta taga ina kallon matan wurin, su da suke ɗora kaya a kafaɗa maimakon ka, wai ko za ta ƙyale ni. Ina! Sai ta taɓa jakata da yatsa.

"Malam, kana zuwa Kafanchan wurin wane?"

Na ce a raina, to, an fara. A Zariya macen da ba ta san ka ba ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, wannan kuwa tambaya take jero mini kamar mai ɗaukar ƙidaya. Na ce mata citta zan saro. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Allah ya ba da kasuwa," ta buɗe littafinta.

Bayan mun wuce Kachiya muka tarar da shingen sojoji. Kowa ya sauko da kayansa. Da aka zo kan jakata sai ga waya nannaɗe, ga batura, ga ƙarfen dalma, ga 'yan ƙananan sifiku da na ciro daga matattun rediyoyi, ga rikodata mai maɗauri. Sojan ya ja baya taku ɗaya.

"Kai, wannan duka na mene ne?"

Na ce ni mai gyara ne. Ya ce in kunna kaset ɗin da ke ciki ya ji. Nan gabana ya faɗi, don kaset ɗin a cikin wani rediyo da mai shi ya yi shekara bai dawo ba na zaro shi, ban taɓa saurara ba. Kun san yadda ake kallon kaset ɗin wa'azi a hanyar nan yanzu. Na danna ina salati a zuci. Sai ga muryar wata baiwar Allah tana aika wa mijinta saƙo Ikko: "Ka ce wata uku, Malam, ga shi yaron da ka bari a goye yana kiran sunan maƙwabta." Sojan ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya, ya sa na maimaita masa, sannan ya ce in kwashe tarkacena. Da muka koma mota matar nan ta ce, "Ashe yanzu da waya ake auna citta." Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Mun isa Kafanchan bayan azahar. Na fara sauka wurin Alhaji Mamman, abokin mahaifinmu, wanda kakanninsa ma a kasuwar garin suka tsufa. Ya ba ni fura, na yi salla, sannan ya jawo ni cikin shago ya rage murya. Ya ce Ashiru ya kwana goma bai shigo gari ba, Injiniya ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa. Na ce ajiya ko tsarewa? Alhaji ya buɗe hannuwa. Ya ce Dogara dai tare suka yi makaranta da babban ɗansa, yaro ne mai ladabi a da, amma yanzu wa ya san cikin wani? Ya ce in kula da abin da zan sa a baki, kuma kada in sa hannu a kowace takarda. Ya samo mini mai babur ya kai ni Kagoro.

Gidan Injiniya na bayan wata makarantar mishan, dutse ya yi masa rumfa ta gabas. Aladu na kiwo a bakin hanya yadda awaki suke yi a wurinmu, na tattare rigata na wuce. Na yi sallama, aka buɗe ƙofa. Wa zan gani? Matar tabarau.

"A'a! Malam mai citta! Shigo, shigo. Maigida, baƙon ka ya zo, amma ya ce ba wurin ka ya zo ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe Malama Saratu ce, matar Injiniya, tana koyarwa a makarantar nan. Mijin ya fito, dogo siriri mai sanyin magana, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ni dai ina ta kallonsa ina neman inda mugunta ta ɓuya.

Ashiru yana wani ɗaki a bayan gida. Ya rame, kuma ya koyi magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gidanmu sai da ya tambaya. Na ce an hana shi fita ne? Ya ce a'a, jifa aka yi masa a hanya sau biyu, shi ne Oga ya ce ya dawo nan, kullum su tafi aiki a mota ɗaya. Na jira ya kawo maganar Luka da kansa. Bai kawo ba, ni ma ban kawo ba.

Da magariba aka kira mu cin abinci. A can miji da mata da baƙo duk tebur ɗaya ake zama, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Aka ajiye mini faten acca yana tururi. Na ɗauki cokali ina juya shi ina leƙen abin da ke ƙasa. Malama Saratu ta gan ni sarai.

"Malam, ci. Wake ne da yakuwa, ba nama. Tukunyan nan ma daban ne, na ƙanin ka ne, ba ya taɓa wani abu."

Ashiru ya riga ya kai rabin kwano. Na ci, kuma in faɗi gaskiya na ƙara. Abin da ya fi damuna a teburin shi ne Hausarsu, da mace da namiji da tukunya duk "ya" ne, ina ta gyara musu a zuci. Da asuba ƙararrawar coci ce ta tashe mu salla, Ashiru ya ce ai ita ce ladaninsa yanzu.

Alhamis muka tafi wurin aiki. Tun daga nesa na fara jin injin a haƙorana. A bakin shiga Injiniya ya ba ni 'yan robobi biyu in cusa a kunne, irin waɗanda leburori ke sawa. Ashiru kuwa nasa daban ne, wasu manyan marufai kamar ƙoƙo biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya. Ya hau wani dandamalin ƙarfe, fuskarsa na kallon bakin da ake zuba dutse, bayansa na kallon bel. Inda hannun Luka ya shiga yana can ƙasa a bayansa, kamar taku ashirin. Leburorin ba wanda ya gaishe shi. Wani ƙaƙƙarfa mai jan kyalle a wuya ya kafe ni da ido, Injiniya ya nuna mini shi da haɓa, na gane shi ne Bulus.

Shawarar Injiniya ita ce a kafa babbar lasifika a kan sanda, irin ta masallaci. Na san ba za ta yi ba, amma na ɗaura don ya gani da idonsa. Aka yi magana a ciki, sai ta zama ƙara a kan ƙara, kana jin ana wani abu amma ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Na juya ina yi masa bayani, sai na ga yana nuna kunnensa yana girgiza kai. Na ƙara murya. Ya sake girgiza kai. Raina ya ɓaci, don ni a jina ihu nake yi, muryata ta cika mini kai kamar na sa baki a tulu. Ya ja ni bayan wani tudun tsakuwa ya ce, "Malam Sabi'u, raɗa kake yi." Na ce wane irin raɗa, ni da maƙogwarona ke zafi? Na cire robar, na sake magana yadda na yi ɗazu. Sai na ji ta 'yar ƙarama, ko almajiran shagona ba za su juyo ba. Ashe in ka toshe kunne muryarka kumbura take a cikin kanka, sai ka ɗauka ka cika duniya, kai kuwa ka rage ta ne ba ka sani ba.

Wannan ya ba ni abin tunani game da Bulus. Sai dai bai wanke mini Ashiru ba, don zuciyata ta riga ta karkace. Na rataya rikoda a kafaɗa na danna ɗauka, ina zagaya wurin don in ji yadda ƙarar take a kowane gefe. Da na zo daidai inda abin ya faru sai na tsaya. Ga bayan Ashiru can sama. Na cire robobin kunnena, na cika ƙirji na kira sunansa. Bai motsa ba. Na ce, "Tsaya!" Bai motsa ba. Sai wata zuciya ta ce mini, ai ya san kana wurin, ya san ana kallonsa, ko ya ji ba zai juyo ba. Nemo abin da ba zai iya daurewa ba.

Allah ya yafe mini. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Ashiru! Inna ta rasu!" Sau biyu na faɗa.

Hannunsa na kan ƙarfen da yake riƙe, kansa bai ko gyaɗa ba. Ƙanena bai ji ba, ba zai kuma taɓa ji daga nan ba. Daɗi ya kama ni, kunya ta biyo bayansa nan take, na yi ta tofar da yawu ina nema wa Inna tsawon rai. Da na waiwaya sai na ga Bulus a tsaye da shebur yana kallona. Na kashe rikoda na bar wurin.

Da yamma na gaya wa Injiniya dabarata, ban da wancan ɓangaren. Na ce a kira Bulus gobe ya tsaya inda ya tsaya ranar, da robarsa a kunne, ya yi kiran da ya yi, mu ɗauka a kaset kowa ya ji. Injiniya ya aika aka gaya masa. Bulus ya aiko da amsa cewa rikodar ta wan Ashiru ce, abin da mai ita yake so shi za ta faɗa. Ban ji haushi ba, don ni ma da haka zan ce. Aka daidaita a kan wani dattijon cocinsu, Baba Ishaya, shi zai riƙe rikodar, shi zai danna komai, ni ko taɓawa ba zan yi ba.

Juma'a da hantsi aka yi. Na nuna wa Baba Ishaya maɓallan daga nesa. Da farko ya tsaya taku biyar daga Bulus, Bulus ya yi kiransa sau uku har jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan tsohon ya hau dandamali kusa da Ashiru, aka sake. Aka kashe inji, muka taru a ƙarƙashin wani mangwaro, leburori sun fi ashirin, kunnen kowa na ta ƙugi. Baba Ishaya ya danna mayarwa baya. Ina kallon kaset ɗin yana juyawa, yana juyawa, ya wuce inda ya kamata. Na miƙa hannu. Bulus ya ce, "Kar ka taɓa." Na janye.

Ƙarar inji ta fara fitowa. Sai ga muryata, tar, don a jikina rikodar take jiya. "Ashiru!" Can kuma, "Tsaya!" Na rufe ido.

"Ashiru! Inna ta rasu!"

Ashiru na zaune a kan wata tsohuwar taya. Ya miƙe zumbur, ya dafa mangwaron. "Yaya, Inna? Yaushe? Shi ne ka zo ka yi shiru?" Na riƙe shi ina rantsuwa da duk abin da na sani cewa lafiya lau na baro ta, tana ma jiran mu. Ya daɗe yana kallona kafin maganar ta shige shi. Da ta shige kuwa na ga lokacin, don hannuna ya cire daga kafaɗarsa a hankali, ya koma ya zauna.

Bulus ne ya fara magana.

"Jiya na gan ka a wurin kana buɗe baki. Wannan ne ka faɗa?"

Na ce shi ne.

"Ba roba a kunnen ka. Na gani." Ya juya wajen Baba Ishaya. "Baba, bai juya ba. Ina wurin. Mutum ba zai ji maman shi ya mutu ya ci gaba da aiki ba."

Tsohon ya bar kaset ya ci gaba. Aka zo kan na Bulus. A taku biyar, sai ka kasa kunne sosai za ka ji wata 'yar murya can ƙasa kamar ana kira daga cikin ɗaki a rufe. A kan dandamali kuwa babu komai sai inji. Bulus ya ce a sake. Aka sake. Ya ce, "Ni fa na yi ihu. Allah ya sani na yi ihu." Injiniya ya ce masa ba wanda ya ce ƙarya yake yi, ya bayyana musu yadda robar ke ruɗin mai magana, ya ce kowa ya sa tasa ya gwada da na kusa da shi. Suka yi ta gwadawa, wasu har da dariya. Bulus bai gwada ba. Ya tsuguna ya rufe fuska da jan kyallensa, yana cewa da ya sani da gudu ya yi ya hau ya taɓa shi, taku ashirin ne kawai. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Mako uku yana da wanda zai ɗora wa laifi, yau an karɓe masa.

Baba Ishaya ya ce shi zai je wurin dagaci da kansa, maganar gobe ta mutu. Bulus bai ba Ashiru haƙuri a gaban mutane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma da za a koma aiki shi ya ɗauko marufan kunnen Ashiru daga kan taya, ya kaɗe musu ƙura ya miƙa masa.

Sauran yinin da Asabar na yi aikin da aka kira ni dominsa. Na ɗauki biyu daga ƙananan sifikun nan na dasa su cikin marufan kunnen Ashiru, na toshe ramin wayar da roba don kada ƙara ta samu hanya. Na bi jikin ƙarfe da waya har gindin bel, na sa makirfo a cikin gwangwanin madara na naɗe shi da soso, yadda sai ka manna bakinka kafin ya ɗauka. Na ce musu ban da dogon zance a ciki, kalma biyu ce, "tsaya" da "tashi". Bulus ya ce to in bakin mutum bai kai gwangwani ba fa? Gaskiyarsa. Ya kawo shawarar a ja igiya tsawon bel ɗin, duk inda mutum yake ya fizga, jan ƙwan lantarki ya kama a gaban Ashiru. Wannan dabarar ta fi tawa, na kuma faɗa a gaban kowa, ko da yake ba da son raina ba. Leburori kuma Injiniya ya kafa musu doka: in kunnenka a toshe yake, taɓa mutum tukuna, ka bari ya ga bakinka, sannan ka ɗaga murya har sai ka ji kunyar kanka. Da aka gwada, Bulus ya sa baki a gwangwani ya ce "tsaya", kafin ya ɗago inji ya fara mutuwa. Leburori suka yi tafi, Malama Saratu ta aiko da kunun acca a bokiti.

Duk wannan Ashiru bai yi mini magana ba sai ta aiki. Miƙo waya, riƙe nan, ya yi, bai yi ba. A ɗaki kuwa ya juya fuskarsa bango. Na yi ta shirya kalmomi ina rushewa.

Lahadi da safe gari duk ya tafi coci, ya rako ni bakin titi da jakata a hannunsa. Na ce Inna ta ce in dawo da shi. Ya ce ba yanzu ba, in ya tafi yau za a ce gudu ya yi, kuma yana son ya je ya duba Luka in sun yarda ya shiga. Na ce, "Ashiru, abin da na yi, don in wanke ka na yi." Na san ƙarya ce tun kafin in rufe baki, shi ma ya sani.

Ya ajiye jakar a ƙasa. Da muryar nan tasa mai ƙarfi, har wani mai babur ya waiwayo, ya ce, "Yaya, Bulus bai san ni ba, ƙaninsa ne ya rasa hannu, dole ya zarge ni. Kai fa? Kwana biyu muna ɗaki ɗaya, tabarmarka na taɓa tawa. Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka."

Bas ta tsaya, ya ɗora mini jakar, ya leƙo ta taga ya ce in gaida Inna, in ce mata yana lafiya kuma sunansa ya fita. "Yadda aka yi ya fita kuwa, kai za ka gaya mata. Ni ba zan faɗa ba."

Da na iso gida Inna ta sa na zauna a gabanta na ba ta labari. Na ba ta na sojoji, ta yi dariya. Na ba ta na citta da na faten acca da na gwangwanin madara. Ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ita dama ta san muddin ina raye ba mai taɓa mata Ashiru, don ba wanda ya san halinsa kamar ni. Kullum in na shiga gaishe ta da safe sai ta sake faɗa. Ku da kuka dame ni da tambaya, yanzu kun riga Inna ji. Ita har yau ban gaya mata ba.